KADA ƘURA TA CINYE MANA JARI

Laccar da akawun reshe ya karanta wa 'yan kasuwa a Maigatari ran Laraba da la'asar, jajiberin kasuwa.

 Mun san gobe Alhamis ce, hankalin kowa yana kan kara da rumfa, saboda haka ba za mu tsare ku har magariba ba.

Maganar da muka zo da ita a kan na'urar nan ce da ake kira kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda samari ke ce wa laftof. Wani zai ce, ina ruwan dillalin raƙuma da wannan? To, a yi haƙuri a duba. Tun shekarar 2015 yaron da ke son shiga jami'a ba ya yin jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. A farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun Naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, da yawa cikinmu sun ga saniya ta tafi, kuɗinta ya shigo ta waya. Mai shagon buga takardu, da mai ɗaukar hoto, da malamin makaranta, da ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Gumel, da yaron da ke riƙe wa ubangidansa lissafin buhunan riɗi, duk da ita suke aiki.

Ga shi kuwa daga ƙasashen waje ake kawo ta, da dala ake sayo ta, kuma tun watan Yuni 2023 da darajar Naira ta faɗi kowa ya san yadda kayan waje suka yi tsada. Mu mutanen bakin iyaka, da muka ga an rufe ta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 har Maris 2024, mun san ciniki ya kan tsaya cik, jari kuwa in ya karye ba ya ɗoruwa da sauri. Mai hali in tasa ta mutu sai ya aika Kano a kawo masa wata. Talaka ba ya sayen abu sau biyu. Domin haka tilas ne ya san abin da ke kashe kayansa.

ABIN DA YA SAME MU

Ba labarin wani za mu ba ku ba, namu ne. A ofishinmu muna da kwamfuta guda, ta hannu ce, cikinta akwai sunayen membobi da lissafin kuɗin wata. Bara, tsakiyar bazara, sai ta fara gurnani kamar injin niƙa. In ka ɗora hannu gefenta na hagu sai ka janye. Takardar da a da muke bugawa kafin shayi ya huce sai ta kai mu azahar. Daga bisani ta koyi ɗaukewa da kanta, ba sallama.

Muka ɗauke ta muka kai wa wani mai gyara a birni. Bai kwance ko sukuru ɗaya ba, ya shinshina ta, ya ce babban allon ciki ya ƙone, amma zai yi mana alheri ya saye ta a matsayin kayan gyara. Saura kaɗan mu yarda, abin da ya hana mu shi ne sunayen jama'a da ke ciki. Muka komo da ita gida ranmu a ɓace. Wani saurayi mai gyaran waya a nan garin ya ce a ba shi ya gani. Ya buɗe bayanta a gabanmu, ya ɗaga fankarta, ya sa tsinke ya zaro wani curi na ƙura da gashi da zare, ya dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa. Ko awa guda bai yi ba. Da kwamfutar nan aka buga laccar da kuke ji yanzu.

Kunya ta kama mu ƙwarai, gama mu ne muka yi makaranta, mu ne ke karanta Turancin da ke jikinta, amma ba mu taɓa tambayar ta ina take numfashi ba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Daga ran nan muka ɗaura niyya mu koyi sha'anin, mu kuma gaya wa 'yan'uwa.

YADDA TAKE SANYAYA KANTA

A cikin kowace kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, masu gyara na kiranta firosesa. Faɗinta bai fi farcen babban yatsa ba da yawa, amma ta kan ci wuta kamar wat 15 zuwa 45, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa. In ba a kwashe zafin nan ba, cikin ɗan lokaci za ta kai digiri 100, watau zafin da ke tafasa ruwan shayi. Nan ne iyakar yawancinsu. Da ta kusa nan sai ta rage saurin aikinta domin ta huce, shi ne nawar da kuke gani. In ragewar ba ta isa ba sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ashe ɗaukewar nan ba mutuwa ba ce, neman ceto ne.

To, yaya ake kwashe zafin? Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa domin laimar da ke tsattsafowa jikinta tana tashi ta tafi da zafi. Da wannan hikima marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani a ƙauyukan Jigawa, don kada tumatir da gauta su ruɓe, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ke cikin kwamfuta ɗan'uwan wannan ne.

An kwantar da wani bututun jan ƙarfe bisa ƙwaƙwalwar. Bututun a rufe yake ruf, an zuƙe iskar da ke ciki, an bar ɗan ɗigon ruwa. Da yake ba iska, ruwan ya kan zama tururi tun zafi bai yi yawa ba. Tururin ya ruga zuwa ɗaya bakin, inda aka jera siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji. Fanka tana hura iska ta tsakaninsu, tururin ya huce ya koma ruwa, sa'an nan ya biyo bangon bututun ya komo, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Haka yake ta zagayawa. Direbobi da ke nan sun riga sun gane: wannan mataji shi ne lagiretonta. Tsakanin ƙwaƙwalwa da bututun kuma ana shafa wani mai, toka-toka, mai kauri, wanda ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani domin zafi ya ƙetare.

Abu huɗu ke nan: mai, bututu, mataji, fanka. Iska tana shiga ta ramukan ƙasa, ta fita ta gefe ko ta baya. Akwai waɗansu 'yan sirara na zamani da ba su da fanka sam, jikinsu ne ke fid da zafi, amma galibin HP da Dell da Lenovo da ke hannun mutanenmu masu fanka ne.

ƘASARMU BA IRIN TASU BA CE

In kun duba takardar da ke zuwa tare da sabuwar kwamfuta, yawancin masu ƙerawa sun rubuta kada a yi aiki da ita inda zafi ya wuce digiri 35. Mu kuwa a nan cikin Afrilu da Mayu inuwa kanta ta kan wuce 40, balle rumfar kwano ko shagon kwantena da tsakar rana. A farkon Afrilu 2024 an auna fiye da 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. Fanka ba ta yin ƙanƙara, iskar ɗaki take ɗauka ta hura. In iskar da zafi, aikinta ya ragu tun ba a fara ba.

Sa'an nan ga ƙura. Hazon hunturu da ke rufe mu, mai yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda a zamanin da can ruwan tafki ya kwanta ya ƙafe. Masana sun ce duk duniya ba wuri guda da ya fi shi fid da ƙura, har iska ta kan ƙetare teku da ita zuwa Amurka ta Kudu. Laushinta kamar garin tuwo, ba tagar da ke hana ta. Ku ƙara da rairayinmu, wanda saboda shi aka sa wa jihar suna Jigawa, da iskar da ke gabatar hadarin farko, da kofaton dubban dabbobi a kara ran Alhamis, da gashinsu, da ƙaiƙayi, da zaren buhu. Fanka tana zuƙar waɗannan duka. Gashi da zare su maƙale a bakin mataji, ƙura ta bi ta like su, har su zama bango. Daga waje ba a gani. Fanka tana ta ihu, iska ba ta fita.

Zafin nan ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake cuta ba. Yana busar da man nan har ya zama kamar busasshen yumɓu, yana gajiyar da fanka, yana tsufar da batir, wani lokaci ya kumbura shi. Ba rana guda yake kisa ba, a hankali yake ci kamar gara.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Ruwa ba ya tsami banza. In fanka ba ta yin shiru ko aikin ƙanƙane ne, in ka sa bayan hannu a mafitar iska ka ji ba ƙarfi alhali tana ruri, in aiki ya yi sauri da safe ya yi nawa da rana, in tana ɗaukewa sa'ad da aka kunna bidiyo, to lokacin shara ya yi. In kuwa ka ji ƙarar gogayya ko kaskas, fankar ce ta gaji. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Core Temp da HWMonitor, masu nuna zafin ƙwaƙwalwa da lamba. Wadda ta haura 80 alhali rubutu kawai ake yi, lalle da magana.

YADDA AKE SHARAR

Kafin kome, a kwafe abin da ke ciki zuwa filash ko wani ma'aji. Kwamfuta tana da farashi, lissafin bashin shekara uku ba shi da shi. In sabuwa ce mai garanti, a mai da ita inda aka saya, kada a buɗe.

Na fari, a kashe ta sosai, ba a rufe murfi kawai ba. A zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wuta ta fita. In batirin na ciki ne, da an buɗe bayan abu na farko shi ne a zare wayarsa.

Na biyu, a zaɓi safiya, cikin ɗaki inda ba iska, a kan tebur. Kada a yi bisa bargo ko darduma. Kun san tartsatsin da mayafi ke yi da dare cikin hunturu? Wannan lantarki ne, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe abin da ke allon ciki. Saboda haka a riƙa taɓa ƙofar ƙarfe ko ƙarfen taga kafin a sa hannu.

Na uku, a nemi ƙaramin sukudireba daidai da bakin sukurun. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga gurbin gajere ya kan huda abin da ke ƙarƙashinsa. A zana hoton bayan kwamfutar a takarda, kowane sukuru a ajiye shi inda ya fito. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Wajen ɓalle murfin a sa tsohon katin banki a bi gefe a hankali, ban da wuƙa. In ya ƙi, akwai sukurun da aka manta, wataƙila ƙarƙashin robar ƙafa.

Na huɗu, ga fanka nan. A zare 'yar wayarta ta kan filoginta, ba a fizgi wayar ba, a kwance ta a ɗaga. Bangon ƙurar yana nan tsakaninta da mataji. A zare shi da tsinke, a share da busasshen burushi mai laushi, a share fukafukan fankar ɗaya ɗaya. Sa'an nan a hura iska daga ciki zuwa waje da 'yar robar hura iska ta masu gyaran agogo da waya. In za a yi da injin hurawa, a tsaya nesa kaɗan, a kuma danne fankar da yatsa, gama in iska ta juya ta fiye da ƙa'ida gindinta ya kan lalace. A ɗaga matajin wajen haske: in ana hangen haske ta kowane tsakani, aiki ya yi.

Sau da yawa nan aikin ya ƙare. Na biyar sai in an yi shekara biyu ko uku ba a taɓa ba, ko an share amma zafi bai sauka ba: canja mai. Sukurun da ke danne bututun suna da lamba, a sassauta su kaɗan kaɗan bi da bi. A ɗaga a hankali, kada a lanƙwasa bututun, domin in ya karye ko ya huje ba ya gyaruwa, sai wani. A goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta da sifirit ɗin masu gyaran waya, a bari ya bushe. A ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiya, matsi zai baza shi. Yawa ba ya ƙara sanyi. 'Yan robobi masu laushi da za a gani manne a gefe a bar su inda suke.

Na shida, a mai da kome, a tabbata an mai da wayar fanka, gama nan ne sababbin hannu suka fi mantuwa. A kunna, a sa hannu a mafita. In ka ji iska mai ɗumi tana fita da ƙarfi, ka yi murna, zafin ne ke barin gida.

ABIN DA BA A YI

Mun ji waɗansu dabaru a kasuwa, muna roƙo a bar su. Kada a sa man goge baki ko giris maimakon man ƙwaƙwalwa, kwana kaɗan ya bushe ko ya narke. Kada a hura da baki, akwai yawu. Kada a kai wa mai faci ya sa famfon taya, iskarsa ta yi ƙarfi, kuma ta kan zo da ruwa da mai. Kada a ɗora ta kan ƙanƙara ko a sa ta firji, raɓa za ta kwanta ciki, ruwa da lantarki kuwa ba sa shiri.

Kada a ɗora ta kan katifa, ko matashi, ko buhu, ko cinya cikin babbar riga, duk suna toshe hancinta. A sami katako mai santsi, a tallafe bayanta da marafan kwalba biyu don iska ta wuce. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada a tura ta jaka ba a kashe ba. Aiki mai nauyi a yi shi da safe ko da dare. In an tashi a kashe, ta huce, a rufe da ƙyalle ko a sa jaka.

Batir kuma in ya kumbura, har ka ga wurin shafa yatsa ya taso ko murfi ya buɗe baki, a daina caji nan take a cire shi. Kada a huda, kada a danne, kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta ko inda yara ke wasa. Wutarsa ba ta jin magana.

WURIN MAI GYARA DA WURIN SAYE

Ba kowa ne zai iya buɗewa da kansa ba, kuma akwai waɗanda sai an cire allon rubutu duka kafin a kai ga fanka. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa gwani, ba abin kunya ba ne. Masu gyara na kirki suna da yawa, haƙƙinsu ne a biya su. Amma mai kaya shi ma yana da nasa haƙƙi. A tsaya a buɗe a gabanka. Ka ce a nuna maka ƙurar da aka fitar. In an ce an canja wani abu, ka karɓi tsohon. Wanda ya yanke wa kwamfutarka hukuncin mutuwa bai buɗe ta ba, ka ɗauki abinka ka yi gaba.

In za ku sayi ta hannu, ko a nan ko a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ku yi mata abin da kuke yi wa sa. Ba wanda ke sayen sa yana kwance. A kunna ta, a sa bidiyo ya yi rabin awa, a saurari fanka, a ji iskar mafita, a kifa ta a duba ko cikinta ya taso. Wadda ta yi shekaru tana aiki a ofisoshin Turai man da ke cikinta ya riga ya tsufa. A sa shara da canjin mai cikin ciniki tun ba a biya ba.

SHAWARARMU

Abu biyu muke kawowa gaban wannan taro. Na ɗaya, mu tsai da lokaci kamar yadda manomi ya san lokacin sharar gona. A share sau biyu a shekara: ƙarshen Fabrairu, sa'ad da hazo ya janye zafi bai kankama ba, da kuma cikin Yuli, bayan ruwa ya kwantar da ƙasa. Wanda shagonsa ke bakin kara ko bakin titi ya ƙara sau ɗaya.

Na biyu, kayan aikin ba su da yawa: sukudireba ƙanana, burushi, robar hura iska, sifirit, da bututun mai guda wanda zai isa kwamfuta da dama. Abin da ya yi wa mutum ɗaya nauyi ba ya yi wa layi guda nauyi. Kowane layi a kasuwa ya haɗa kuɗi kamar adashi ya saya, a damƙa wa amintacce, a zaɓi yara biyu, namiji ko mace, su zauna wurin gwani su koya. Kuɗin motar zuwa Kano ya tsaya a aljihu, yaranmu kuma sun sami sana'a.

Jama'a, sau da yawa in kwamfuta ta mutu sai mu ce tsautsayi ne, ko mu ce ai kayan Bature ba sa jure ƙasarmu. Amma tsautsayin da tsinke da burushi ke iya kawar da shi, sunansa sakaci. Hazo zai dawo baɗi, bazara ma za ta dawo, ba mu da iko a kansu. Abin da ke hannunmu shi ne ramin da bai kai tafin hannu ba, inda iska ke fita. Duk mai kwamfuta a cikinku, in ya koma gida yau, ya kunna ta ya sa bayan hannunsa a wurin. In bai ji iska ba, ofishinmu a buɗe yake ran Juma'a da safe bayan an watse kasuwa, ya zo da ita mu buɗe tare, ba ko kwabo.

Iyakar abin da muka zo da shi ke nan.  Allah ya ba da sa'ar kasuwa gobe, ya mai da baƙinmu gida lafiya.